Daga Gaɓar Omaha Zuwa Dajin Bama: Wa Ya Riƙe Sunayen Mazan Jiya?

Ranka ya daɗe mai girma Hakimi, iyayenmu dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata, 'yan mazan jiya da ke zaune a nan gaba, ɗalibai da sauran jama'ar Daura da waɗanda suka taso daga Karaye da Rogo, ina yi muku barka da zuwa.

An nemi in yi magana a kan yadda Amurkawa suke tunawa da sojojinsu da suka sauka a gaɓar tekun Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu suke kira yaƙin Hitila. Na san a cikinku akwai mai cewa a ransa, ina ruwan mutumin Daura da tekun Faransa, mu da babban ruwan da muka sani shi ne na madatsar Challawa? Ku ba ni aron kunnuwanku. Zan fara da Amurkawan kamar yadda aka nema, amma a gida zan sauka.

Ranar Talata, 6 ga watan Yuni 1944, sojojin ƙawance kimanin 156,000 suka tsallaka tekun da ya raba Ingila da Faransa, suka faɗa wa yankin Nomandi, wanda Jamus ta mamaye tun 1940. Janar Dwight Eisenhower na Amurka ne babban kwamanda. An raba gaɓar gida biyar, kowace da sunan ɓoye: Utah da Omaha na Amurkawa, Gold da Sword na Ingila, Juno ta Kanada. A Utah abin ya zo da sauƙi. A Omaha kuwa, sai dai mu ce inna lillahi.

Gaɓar Omaha doguwar rairayi ce mai tsawon kusan kilomita 8, bayanta kuma tudu ne mai tsayi, Jamusawa sun haƙa ramuka a kansa, sun zuba kankare, sun kafa igwa da mashinga suna kallon ruwa. Jiragen saman da aka tura su share hanya sun zubar da bama-bamansu can bayan tudun saboda gajimare, ba su taɓa komai ba. Tankokin da aka yi musu dabarar iyo a ruwa, wata bataliya ta saki 29, guda 27 suka nutse saboda igiyar ruwa. Saboda haka da ƙarfe shida da rabi na safe, da ƙananan jiragen suka buɗe ƙofofinsu, samarin nan sun tarar da abokan gaba a zaune daram suna jiransu. Wasu harsashi ya same su tun suna cikin jirgi. Wasu suka yi tsalle cikin ruwan da ya fi tsayinsu, nauyin kayan da ke bayansu ya ja su ƙasa. Kafin rana ta faɗi, waɗanda suka mutu da waɗanda suka ji rauni da waɗanda suka ɓace a wannan gaɓa kaɗai sun haura 2,000. Duk da haka waɗanda suka rage sun hau tudun, ƙungiya-ƙungiya, sau da yawa ba tare da hafsoshinsu ba, domin hafsoshin sun riga sun faɗi.

Abin da ya fi jan hankalina a labarin nan ya faru ne a wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Bedford, a jihar Bajiniya. A lokacin mutanensa ba su wuce 3,200 ba, gari ne na manoma da 'yan ƙananan masana'antu. Samarinsa da yawa sun shiga rundunar tsaron jiha tun shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye. Me ya kai su? Dala ɗaya da ake biya duk ranar da aka fito fareti. Talauci ne, ba son yaƙi ba. Ku riƙe wannan, za mu sake haɗuwa da shi. Da yaƙi ya zo aka kwashe su gaba ɗaya a kamfani guda, kuma kamfanin nan yana cikin na farko da aka sauke a Omaha. A safiyar ranar, Bedford ta rasa 'ya'yanta 19 daga wannan kamfani. Akwai wa da ƙani da suka mutu tare. Akwai tagwayen da ɗaya ya koma gida, ɗaya bai koma ba. Labarin bai iso garin ba sai tsakiyar watan Yuli, da telegiram suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya.

To me Amurkawa suka yi da waɗannan mamata? Da farko gwamnati ta tambayi kowane gida: a kawo muku gawar ɗanku, ko a bar shi inda ya faɗi? Fiye da rabi suka ce a kawo, aka kuma kawo da kuɗin gwamnati. Sauran aka tara su a maƙabartar da ke kan tudun Omaha, kusa da ƙauyen Colleville, wadda aka buɗe a 1956. Faransa ta ba da filin kyauta har abada. Akwai kaburbura kusan 9,400, kusan kowanne da sunan mai shi, da muƙaminsa, da rundunarsa, da jihar da ya fito, da ranar da ya mutu. Waɗanda ba a ga gawarsu ba, su 1,557, an rubuta sunayensu a jikin bango. Hukuma guda ce take kula da wurin, an kafa ta tun 1923, ba ta da wani aiki sai kula da irin waɗannan wurare. Idan dangi suka zo ziyara, ma'aikaci yakan ɗebo rairayin gaɓar ya goga a kan harufan sunan, don su fito sosai a hoto. Akwai kuma iyalan Faransawa da suka ɗauki nauyin wani kabari, suna zuwa duba shi duk shekara, alhali ba su san mai shi ba.

A Bedford ɗin ma, a ranar 6 ga Yuni 2001, Shugaba George W. Bush ya buɗe wurin tunawa na ƙasa baki ɗaya. Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Da masu ginin suka tashi rubuta sunayen waɗanda suka mutu a ranar farko, sai suka tarar babu cikakken jeri a ko'ina, ko a ofishin soja. Amurka guda, da duk takardunta! Sai da aka shafe shekaru ana tono fayil-fayil, ana rubuta wa iyalai wasiƙa, kafin a tabbatar da sunaye 4,414 na sojojin ƙawance, 2,501 daga cikinsu Amurkawa, kuma har yanzu in an gano wani ana ƙarawa. Wanda ya matsa aka yi ginin ma ba janar ba ne, wani tsohon saje ne mai suna Bob Slaughter, da ya sauka a Omaha yana ɗan shekara 19.

Ba na so ku ɗauka tunawar tasu ba ta da aibu. Fina-finansu, irin su Saving Private Ryan na 1998, suna sa mai kallo ya zaci a Nomandi aka karya Hitila, alhali Tarayyar Sobiyet ta rasa mutane kimanin miliyan 27 a yaƙin, kuma a can gabas mafi yawan sojojin Jamus suka hallaka. Fararen hular Faransa kusan 20,000 sun mutu a faɗan Nomandi, da yawansu da bama-baman waɗanda suka zo cetonsu. Sannan sojan Amurka a lokacin a rabe yake, fari daban baƙi daban. Wata bataliyar baƙaƙen fata, ta 320, ta sauka a gaɓar a ranar farko, a cikinta akwai wani ma'aikacin jinya, Waverly Woodson, da ya yi ta ɗaure raunukan mutane na tsawon sa'o'i kusan 30 alhali shi ma an ji masa ciwo. Babbar lambar yabon da ta dace da shi ba ta zo ba sai 2024, shekara 19 bayan rasuwarsa. Amma ku lura, ta zo. Ta zo ne domin sunansa yana rubuce, matarsa da masu bincike suka sami abin kamawa.

Yanzu mu juyo gida. A wannan rana ta 6 ga Yuni 1944, ina 'ya'yan ƙasar Hausa suke?

Wasunsu suna tsakiyar dajin arewacin Bama, ƙasar da yau ake kira Myanmar, a bayan layin sojojin Japan, damina tana dukansu. Bataliya uku ce ta rundunar Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, aka ba da su ga dakarun Chindit na Janar Orde Wingate, aka kai su da jirgin sama, suka tsare wani sansani da ake kira White City. Wasu kuma, 'yan runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, ba su daɗe da fitowa daga kwarin kogin Kaladan ba. Runduna ta 82 kuma a tsakiyar wannan shekarar ake ta kwasarta a jiragen ruwa zuwa Indiya. 'Yan Najeriya fiye da 100,000 ne suka sa kaki a yaƙin nan, dubun dubatarsu suka je Bama, kuma kaso mai tsoka daga Arewa suke. Hausa ce harshen bariki. Baturen hafsa sai ya koye ta, ko da ta gurguwa ce. Hatta rundunar Gwalkwas, wato Ghana ta yau, takenta da Hausa yake: Kullum Shiri.

Kafin Bama ma sun yi wani yaƙin. A 1941 birged ɗin Najeriya tana cikin waɗanda suka kori Italiya daga Somaliya da Habasha, suka kama Mogadishu, suka yi gudun fanfalaƙi na ɗaruruwan mil zuwa Harar cikin 'yan makonni.

Yaya aka ɗebe su? Wasu da ƙafarsu suka je, saboda sule ɗaya a rana da abinci da kaki, daidai da samarin Bedford da dalarsu ɗaya. Wasu son ganin duniya ya kai su, wasu gudun haraji ko bashi ko wata rigimar gida. Wasu kuwa ba su da zaɓi. Razdan ya gaya wa Sarki adadin da ake so, Sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya dubi wanda ba shi da mai tsaya masa. Ranka ya daɗe, ba ina tono laifin magabata ba ne, su ma a ƙarƙashin wani suke. Amma haka aka yi, kuma haka aka yi wajen tura mutane aikin dole a ma'adinan kuza na Jos daga 1942 zuwa 1944, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe mutane da yawa. Manomin da ya zauna a gida shi ma bai tsira ba, an matsa masa ya ƙara noman gyaɗa domin Ingila tana bukatar mai. An tara kuɗin gudunmawa har aka sa wa wata rundunar jiragen yaƙin Ingila, ta 91, sunan Najeriya. Filin jirgin saman Kano kuwa ya zama zango a hanyar da ake bi da jiragen yaƙi daga Takoradi zuwa Maiduguri, zuwa Khartoum, zuwa Alƙahira, kuma Amurkawa matuƙa da makanikai sun zauna a Kano saboda wannan aiki. Kun ga ashe yaƙin bai yi mana nisa kamar yadda muke zato ba.

Mutanenmu na Bama ba su yi irin saukar Omaha ba, ta rana ɗaya da duniya ta tsaya tana kallo. Nasu yaƙin na watanni ne, cikin duwatsu da kurmi da fadamun bakin teku na yankin Arakan, inda rafuka suke cika su janye tare da teku. Babu hanyar mota, saboda haka runduna ta 81 da hannu ta sare hanya mai tsawon mil 75 a cikin tsaunuka, abincinta da harsashinta kuma daga sama ake jefo mata da laima. Abin da Turawa suka fi so game da sojan Afirka ta Yamma, in za a faɗi gaskiya, shi ne kansa. An kafa ƙungiyoyi na 'yan dako zalla, sojoji ne amma aikinsu ɗaukar kaya a ka, harsashi, da igwa da aka kwance gunduwa-gunduwa, da masu rauni, a inda alfadari ma yake turjewa. Da yawansu adda kawai suke riƙe da ita, kuma harsashin Japan ba ya tambayar wa ke da bindiga. Ga zazzaɓin cizon sauro, ga atuni, ga matsattsaku.

A watan Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka kama Myohaung, tsohuwar hedikwatar sarakunan Arakan. Daga nan runduna ta 82 ta bi gaɓar teku ta yi kudu. Sojojin Ingila da na Indiya suna sauka daga jiragen ruwa a wurare irin su Kangaw da Ruywa, 'yan Afirka ta Yamma wasu ana kai su ta ruwa a bayansu, wasu suna gangarowa da ƙafa don su datse wa Japan hanyar gudu. An gwabza a Dalet, da Tamandu, da Letmauk, da hanyar An. Runduna ta 82 kaɗai ta yi asarar mutane fiye da 2,000 tsakanin matattu da masu rauni.

Na ga wasu 'yan mazan jiya suna gyaɗa kai da na ambaci waɗannan sunaye. Dole ku gyaɗa, domin kun kwana a cikinsu. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna. Barikin Chindit a Zariya. Letmauk a Ibadan. Myohaung da An da Tamandu da Arakan a Legas. Dodan Barracks, inda aka mulki ƙasar nan tun daga Janar Gowon har zuwa 1991, mutane da yawa suna zaton dodo ake nufi, alhali sunan wani wuri ne a Bama. To a nan ne maganata take. Mun adana sunayen ƙauyukan da mutanenmu suka mutu a cikinsu, mun rubuta su da manyan harufa a ƙofar bariki, amma mutanen da kansu ba mu rubuta su ba. Yaron da ya bi ta gaban barikin Dalet ba zai taɓa sanin ko kakan babansa a bakin wannan rafin ya faɗi ba.

Sunayen kaɗan ne suka tsira. Akwai Samanja Chari Maigumeri, wanda ya fara aikin soja a ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, ya dawo wajen Ingila, ya yi Habasha ya yi Bama, yau akwai bariki da sunansa a Lakwaja. Akwai Isaac Fadoyebo, Bayarabe, da aka harbe a bakin Kaladan a 1944, wani manomi Musulmi na ƙasar ya ɓoye shi watanni yana ciyar da shi. Mun san labarinsa ne kawai saboda ya zauna ya rubuta. Marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya rubuta littafi a kan yaƙin daga labaran mahaifinsa. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je har can ya duba sojoji. Malam Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar maraba da suka dawo. Gaskiya Ta Fi Kwabo, ƙarƙashin Abubakar Imam, ta riƙa kawo labarin yaƙin. To amma farabiti ɗan ƙauye, da bai iya boko ba, wanda ya dawo a 1946 da akwatin ƙarfe da lambobi a ƙirji da 'yan kalmomin Indiyanci a baki, ya koma gonarsa ko ya zama ɗan doka ko mai gadi, wa ya zauna ya tambaye shi? Yara dai sun yi ta yi masa dariya in ya fara labari. Wanda ya dawo da taɓin hankali saboda abin da ya gani, aka ce ai soja ne, haka suke.

Waɗanda ba su dawo ba, da yawansu sunayensu suna jikin ginshiƙan maƙabartar Taukkyan, kusa da birnin Yangon, cikin sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. Wannan ma an yi ƙoƙari idan aka gwada da yaƙin farko. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta fitar da rahoto da kanta, ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, mafi yawansu 'yan Afirka, da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, kuma adadin yana iya kaiwa 350,000. Dalilin da jami'an wancan zamani suka bayar shi ne wai mutanenmu ba su waye da za su damu da irin wannan ba. Ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya tashi a majalisa ya ba da haƙuri.

'Yan'uwanmu na Nijar su ne ma suka taka gaɓar Faransa da ƙafarsu. Ranar 15 ga Agusta 1944 aka yi sauka ta biyu, a kudancin ƙasar, yankin Provence. Amurkawa suka fara sauka, sojojin Faransa suka biyo, kuma mafi yawan sojojin Faransar nan 'yan Afirka ne, daga Aljeriya da Maroko da ƙasashen Afirka ta Yamma, waɗanda ake yi wa kuɗin goro a ce musu 'yan Senegal ko da daga Damagaram ko Maraɗi mutum ya fito. Su suka ƙwato Toulon da Marseille. Da kaka ta yi, aka janye baƙaƙen daga fagen daga, aka karɓe kakinsu aka ba fararen samari. A ranar 1 ga Disamba 1944 kuma, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan tsoffin fursunonin yaƙi 'yan Afirka da suke neman a biya su haƙƙinsu. Hukuma ta ce 35 suka mutu, masana tarihi suna maganar ɗaruruwa. Sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda ya kira abin kisan kiyashi.

Na san tambayoyi biyu da za su taso, gara in tare su tun yanzu. Ta farko: don me za mu girmama wanda ya yi wa Nasara yaƙi? Ai rundunar nan ce ta fasa ganuwar Kano a 1903, ita ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Gaskiya ne, kuma ba zan shafa mata mai ba. Amma rubuta sunan mutum ba yabon Ingila ba ne. Hasali ma wanda aka kama da ƙarfi aka kai shi ya mutu a yaƙin da ba nasa ba, shi ya fi cancanta a rubuta, domin rubutun shi ne shaidar abin da aka yi masa. In mun yi shiru, mun taimaka wa wanda ya ce ba mu damu ba.

Ta biyu ta malamai ce, Allah ya gafarta muku: ai addininmu bai yarda da gina kaburbura da kafa gumaka ba. Haka ne, kuma ba na kiran kowa ya sayo marmara ko ya ajiye furanni. Abin da ya burge ni a wurin Amurkawa jerin sunayen ne, kuma a wannan fanni mun riga su. Malaman sira sun rubuta mutanen Badar ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan ubansa da ƙabilarsa. Sun rubuta shahidan Uhudu. Malaman Sakkwato sun rubuta waɗanda suka faɗi a Tsuntsuwa da Alwasa. Al'ummar da take iya jero salsalar malamanta zuwa ƙarni goma ba za ta ce rubuta sunan kakanta baƙon abu ne ba. Kuma addu'a ta fi daɗi in ka san wa kake yi wa.

Maganar ba ta tsaya a Bama ba. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, an sake kiran tsoffin sojojin Bama, wasunsu da furfura, suka koya wa sababbi riƙon bindiga. A wannan yaƙin mun yi namu saukar ta ruwa: a Bonny a watan Yuli, a Kalaba a watan Oktoba. A Oktoban nan kuma runduna ta 2 ƙarƙashin Kanar Murtala Muhammed ta yi yunƙurin tsallaka kogin Kwara daga Asaba zuwa Onitsha cikin jiragen ruwa, bayan an karya gada. Sau uku ana gwadawa ba a yi nasara ba, samari masu yawa suka hallaka, wasu da wuta wasu da ruwa, da yawansu 'yan Arewa da ba su taɓa koyon iyo ba. A Asaba ɗin kuma, a cikin wannan watan, sojojin tarayya sun kashe fararen hula masu yawa, kuma mutanen garin sun tattara sunayen nasu mamatan sun rubuta. Su sun yi. Mu fa? Duk 15 ga Janairu ana ajiye furanni a gaban sojan da ba a san sunansa ba, a saki tattabaru, a watse. Yau kuma ga waɗanda suke faɗuwa a Borno da Zamfara, wasu daga wannan yanki namu, sai dai iyali su ji ta bakin abokin aiki.

Ga abin da nake ganin mazaɓa ɗaya kamar Daura za ta iya yi ba tare da jiran Abuja ba. Littafi guda, mai bango mai ƙarfi, a hannun dagaci ko limami ko shugaban makaranta. Ɗalibai su bi gida-gida, su fi zama da tsofaffin mata, domin su ne suke riƙe da irin wannan labari, kuma a ƙarƙashin gadonsu ake samun akwatin. A tambayi sunan mutum na yanka da laƙabinsa, da sunan ubansa, da unguwarsu, da yaƙin da ya je, da ko ya dawo. In akwai takardar sallama ko lambar yabo, a ɗauki hotonta da waya gaba da baya, a mayar wa masu ita nan take, kada wani ya ce zai kai Kano ya dawo da ita. Abin da ya fi komai daraja shi ne lambar soja, domin da ita ake bin mutum a takardun hukuma. Ofishin 'yan mazan jiya na ƙaramar hukuma zai iya taimakawa da na yaƙin basasa zuwa yau.

Na yaƙin Hitila kuwa, hukumar kaburburan nan ta Kwamanwel ta zuba sunayen mamatanta a intanet, kowa yana iya dubawa kyauta. Sai dai ku yi hattara da yadda aka rubuta mu. Akawun bariki ba ya tambayar sunan uba, garinku yake tambaya, shi ya sa jerin ya cika da su Musa Kano da Garba Katsina da Audu Zariya. Ɗan wannan yanki yana iya fitowa a matsayin Kano, ko Karaye, ko Rogo, ko Gwarzo. In kuwa ya ce shi ɗan Daura ne, duk wanda ya gani zai ɗauka Daurar Katsina ce, ta Bayajidda, ba wanda zai kawo tamu a ransa. Wasu ma da sunan ƙarya suka shiga don kada a gano su a gida. Sannan rubutun na Bature ne: Amadu a maimakon Ahmadu, Momo ko Mama a maimakon Mamman, Garuba a maimakon Garba. Sai an gwada kowanne, a haɗa da shekarar mutuwa da bataliya, a dawo a tambayi tsohuwa ko ya yi daidai da lokacin da wasiƙa ta daina zuwa.

Ranka ya daɗe, a nan zan tsaya, don a bar lokacin tambayoyi, kuma ina roƙon a fara ba iyayenmu 'yan mazan jiya dama. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.